Ajayi, Limamin Kirista Mai Farautar Kalmomi

Laccar da aka gabatar wa malamai da ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci

 

Laccar yau a kan wani mutum take wanda ya rasu tun 1891. Bayarabe ne, limamin Kirista, sunansa Samuel Ajayi Crowther. Mabiya addinin Kirista suna tunawa da shi domin shi ne baƙar fata na farko da ya kai muƙamin Bishop a ɗariƙar Angilikan. Wannan maganar coci ce, su suka fi saninta. Abin da ya shafi ɗan ajin yaƙi da jahilci shi ne yadda mutumin nan ya riƙe littafi, da wuraren da ya riƙa zuwa yana samo abin da zai zuba a ciki. Don sauƙin faɗa za a riƙa kiransa Ajayi, sunan da uwarsa ta san shi da shi.

An haifi Ajayi a wani gari da ake kira Oshogun a ƙasar Yarabawa, wajen 1809. A lokacin daular Oyo ta rikice, ko'ina yaƙi. Wata safiya a 1821, mata na cikin haɗa abin karin kumallo, sai mahara suka auka wa garin. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa a cikin maharan akwai Yarabawan Oyo Musulmi da Fulani. Aka kama shi da uwarsa da ƙannensa mata, aka sa musu igiya a wuya, ba a daɗe ba aka raba su. An taɓa musanya shi da doki, da dokin bai yi wa wanda ya karɓa ba aka warware cinikin. Haka aka yi ta sayar da shi daga wannan kasuwa zuwa waccan, har ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko. A watan Afrilu 1822, jirgin da aka loda su bai yi nisa da gaɓa ba sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar fataken bayi suka tare shi. Aka kwashe bayin aka kai su Saliyo, aka 'yanta su.

Yaron da ya sauka Saliyo shekararsa 13 ko kusa da haka. Ba uwa, ba uba, ba ya jin Turanci, bai san baƙi ko ɗaya ba. Aka damƙa shi ga wani malamin makarantar mishan a wani ƙauye kusa da Firitawun. Masu rubuta tarihinsa sun ce tun kwanakin farko bai yarda ya tsaya ga allon aji kaɗai ba, sai da ya roƙi sisin kwabo ya sayo 'yar takardar abacada tasa ta kansa. Cikin wata 6 ya iya karanta Sabon Alkawari, har aka sa shi yana biya wa na bayansa. Duk wanda ya taɓa zama a aji da yamma bayan ya dawo daga gona ya san wata 6 ba wani dogon lokaci ba ne. Ƙwaƙwalwa dai yaron yana da ita. Amma takardar nan ta sisin kwabo ta yi aiki, domin da ita karatun yake binsa gida bayan an tashi.

Tare da karatun ya koyi aikin kafinta. A 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. A 1827 aka buɗe kwalejin Fourah Bay a Saliyo, sunansa ne na farko a rajista. Ya koyi Latin da harshen Girka. Ya auri wata malamar makaranta mai suna Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka ceto ta, ita ma a Saliyo ta koyi karatu. Sun yi shekara wajen 50 tare.

Son karatu ma yana da tasa cutar, kuma ta kama Ajayi yana matashi. Lokacin da yake koyarwa a wani ƙauyen Saliyo, wani Musulmi ya kawo ɗansa makaranta da laya a jikinsa. Ajayi ya cire layar, ya ce yaron ya mai da ita gida, ba a shigowa aji da irin wannan. Uban ya zo a fusace. Maimakon Ajayi ya ba da haƙuri, sai ya ce a tara dattawan Musulmi a yi muƙabala. Ranar da aka sa, ya zo da Littafi Mai Tsarki da kuma fassarar Alƙur'ani ta Turanci, ya yi ta buɗe shafi yana kawo hujja. Dattawa suka saurare shi har ya gama, suka maimaita masa abin da suka yi imani da shi, aka watse. Bai juya ra'ayin kowa ba. A riƙe wannan labari, za a dawo kansa.

A 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko jiragen ruwa 3 su bi Kogin Kwara, don ƙulla yarjejeniya da sarakuna a kan hana cinikin bayi da buɗe hanyar fatauci. Mishan ta sa mutum 2 a cikin tafiyar, Ajayi da wani Bajamushe, Rabaran Schön, wanda ake faɗin sunansa Shon. Shon ɗin nan Hausa ya sa a gaba, shi ne daga baya ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40, dole aka juyo daga Egga a ƙasar Nufe. Amma Ajayi ya dawo da littafin da yake rubuta abin da ya gani kowace rana, garuruwa da kasuwanni da hirar da ya yi da mutane. Aka buga shi a Landan a 1842 haɗe da na Shon. Da shugabannin mishan suka karanta, suka ga mai wannan alƙalami ya wuce malamin ƙauye. Suka kira shi Ingila ya ƙara karatu, aka naɗa shi limami a 1843. A shekarar ce kuma littafinsa na farko a kan kalmomin Yarbanci ya fito.

To jama'a, a nan aikin da ya ba laccar nan sunanta ya fara. Ajayi ya bar ƙasarsu yana yaro, ya yi shekara 20 yana karatu da koyarwa da Turanci. Yarbancin da ya taho da shi na ɗan shekara 12 ne. Ya isa a aike shi kasuwa, bai isa a fassara littafi da shi ba. Kuma babu wani cikakken ƙamus da zai buɗe ya duba, tunda shi ne zai rubuta shi. Sai mutumin da ya karanta Latin da Girkanci ya koma ɗalibi a gaban mutanen da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Yakan zauna wurin tsofaffi yana lura da bakinsu, ya ji yadda suke juya magana idan suna hira ko suna sasanta rigima. Ya yi abota da 'yan kasuwa da malaman Musulmi, har da masu duba na addinin gargajiya, waɗanda wani limamin ko inuwarsu ba zai so ya taka ba. Da ya ji kalmar da bai sani ba sai ya rubuta ta, ya jira ya sake jin ta a bakin wani, ya ga ko ma'anar ta sauya. Ya faɗa a wata wasiƙarsa cewa bin sawun kalma ɗaya yakan kai shi ga tono al'ada sukutum.

Ga misali ɗaya na abin da sauraren ya haifar. Da aka zo neman kalmar da za a kira limami da ita a fassarar Littafi Mai Tsarki, ba a ɗauko ta Turanci ba, ba a kuma ɗauko ta bokaye ba. Aka ɗauki "alufa", wadda Yarabawa ke kiran malamin Musulunci da ita. Har yau tana nan a cikin littafin. Mutumin da ya cire wa yaro laya ya fara gane cewa maƙwabcinsa yana da abin da za a ara a wurinsa.

Sai kuma matsalar karin sauti. Bahaushe ya san ta. Idan aka rubuta "fari", mai karatu sai ya duba sauran jimlar kafin ya san ko launi ake nufi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye gero. A Yarbanci abin ya fi haka tsanani. Baƙaƙe 3 ɗin nan, o da k da o, suna iya zama gona, ko miji, ko fartanya, ko jirgi, gwargwadon yadda aka buɗe baki da yadda aka ɗaga murya ko aka sauke ta. Ajayi ya dage sai an sa alamun karin sauti a kan wasula, ko da yake hakan ya ƙara wa masu ɗab'i wahala. Dalilinsa na mai koyarwa ne. Wanda ya gwanance yana iya cankar ma'ana. Sabon ɗalibi kuwa, idan ya karanta miji a inda ake nufin fartanya aka yi masa dariya, gobe ba zai dawo ba.

A 1846 Ajayi ya koma ƙasar Yarabawa, ya zauna a Abekuta. Bai yi wata ɗaya ba sai ga uwarsa, bayan shekara 25 da rabuwa. A Abekuta ya shiga harkar noman auduga, yana ƙarfafa manoma su shuka don a sayar wa masaƙun Ingila, saboda yana ganin muddin mutane ba su da abin sayarwa, mutum za su ci gaba da sayarwa. Da rana yana tsakanin coci da makaranta da manoma, fassara kuma tana tafiya. A 1850 aka buga kashi na farko na Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, a 1852 kuma ya sake fito da nahawu da ƙamus, wannan karon cike da karin magana da ya tsinto a bakin jama'a.

Malaman azuzuwa sun san wata cuta. Ɗalibi ya karɓi satifiket ya koma gida, babu abin karantawa, bayan damina 2 baƙaƙen sun gudu. Mutanen Abekuta sun sami maganinta da wuri. Da yake an riga an daidaita yadda za a rubuta harshen, a 1859 wani abokin aikin Ajayi, Rabaran Henry Townsend, ya fara buga jarida da Yarbanci mai suna Iwe Irohin, ana sayar da ita wuri 120. Ita ce jarida ta farko a ƙasar da ta zama Nijeriya. Gaskiya Ta Fi Kwabo sai a 1939 ta fito, shekara 80 bayanta.

Kogin Kwara bai rabu da shi ba. Ya sake bin sa a 1854, suka shiga Binuwai, ya sake rubuta littafin tafiya. A 1857 ya koma karo na 3 don kafa tashoshin mishan, sai jirginsu ya daki dutse kusa da Jeba ya nutse. Suka yi sansani a bakin kogi, shekara guda ana jiran wani jirgin. Wani zai ce shekarar ta tafi a banza. Ajayi kuwa ya sami Nufawa a kusa, ya buɗe littafinsa ya shiga rubuta Nufanci kamar yadda ya yi wa Yarbanci. A 1860 littafin koyon karatu na Nufanci ya fito. Kafin nan, a 1857, ya riga ya fitar da irinsa na harshen Ibo, da taimakon masu jin harshen.

Yanzu ga abin da ya fi komai zafi a tarihin karatunsa. A watan Disamba 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Mutanen gidan sun tsira, amma takardu sun tafi. Ya rubuta wa sakataren mishan a Landan, Henry Venn, yana lissafa asarar. Fassarar kusan dukan abin da ya rage na littattafan Attaura, wadda yake shirin aika wa maɗaba'a, ta ƙone. Haka kuma kalmomi da karin maganar Yarbanci da ya yi shekara 11 yana tarawa tun bayan ƙamusunsa na baya, ba abin da ya saura. Ya ce wannan ta fi masa ciwo a kan tufafi da kayan ɗaki da kuɗi.

Ya kamata a tsaya a auna wannan asara. Kujera idan ta ƙone kafinta zai yi wata, kuma shi kansa kafinta ne. Littafin da aka buga idan ya ƙone akwai wani kofe a wani gida. Amma takardun nan kofe ɗaya ne tak a duniya, da hannu aka rubuta su. Kowace kalma a ciki wani ne ya faɗe ta a wata rana, a rumfar kasuwa ko a cikin kwalekwale ko a zauren wani dattijo. A cikin shekara 11 wasu daga cikin tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya. Fassarar Attaura za a iya sake zama a yi ta, tunda asalin yana nan. Karin maganar da tsoho ya faɗa sau ɗaya ya mutu, ina za a samo ta? Manomin da rumbunsa ya ƙone da irin shukarsa a ciki shi zai fi kowa gane halin da Ajayi ya shiga.

A lokacin shekarunsa sun haura 50. Ya sake ɗaukar alƙalami. Ba a cika shekara 2 da gobarar ba, a 1864, nahawu da ƙamusunsa na Nufanci suka fito. A 1882 ya fitar da na kalmomin Ibo. Fassarar Littafi Mai Tsarki da Yarbanci kuwa, wadda ya yi tare da wasu limamai Yarabawa da Turawa, an kammala ta a 1884.

A 1864 ɗin ne aka naɗa shi Bishop a Kantabari, Jami'ar Okusfod kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ya dawo ya ci gaba da buɗe makarantu a bakin kogi. Ta Lakwaja, wadda aka kafa a shekarun 1860, ita ake ɗauka a matsayin makarantar boko ta farko a yankin da daga baya aka kira Arewa. A Boni, can bakin teku, attajirai sun faɗa masa ƙarara abin da suke so: a koya wa 'ya'yansu awon manja da lissafin ciniki, don kada Turawan jirgi su cuce su. Bai raina wannan buƙata ba. Ya karɓi yaran, ya kuma sa sarki da mutanen gari su ɗauki rabin kuɗin kafa tashar, domin ya san abin da mutum ya sa kuɗinsa a ciki ba ya barinsa ya lalace.

A dawo kan labarin laya. A ƙarshen 1871 jirgin da zai mai da shi Ikko ya kafe a yashi, dole ya bi ta ƙasa daga Bida, ya ratsa ta Ilori. A fadar Sarkin Ilori aka tara malamai aka yi masa tambayoyi a kan addininsa. Wannan karon bai zo da niyyar kayar da kowa ba. Ya fara daga inda ɓangarorin biyu suka haɗu, wato labarin Mala'ika Jibrilu da Maryamu da haihuwar Annabi Isa (AS). Duk tambayar da aka yi masa sai ya buɗe littafinsa ya karanta abin da ke wurin, ya fassara da Yarbanci, ya tsaya. Da aka tambaye shi abin da littafinsa ya ce game da Annabi Muhammadu (SAW), ya amsa cewa an rubuta littafin shekaru aru-aru kafin zuwansa, bai ƙara wata maganar da za ta ɓata rai ba. A ƙarshe aka nemi ya yi addu'a. Ya buɗe littafin addu'o'in cocinsu ya karanta wadda ake yi wa Sarauniyar Ingila, ya bayyana cewa a kowace ƙasa sunan sarkinta ake sawa. Kowa ya tashi da addininsa, aka rabu da mutunci. Littattafan da ya riƙe a Ilori kusan su ne ya riƙe a Saliyo shekara 30 da wani abu kafin nan. Mai riƙonsu ne shekarun zama a gaban tsofaffi suka gyara.

Sarakunan Nufe sun san shi sosai tun zamanin Etsu Masaba. A tsakiyar shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika da wasiƙa da Hausa ta hannun wani limamin mishan, don a isar wa Ajayi. Ya kira shi uba, ya kai masa kukan barasar da 'yan kasuwar Turai ke shigowa da ita ta kogi, ya ce ta lalata masa ƙasa, ya roƙi a kai maganar gaban Sarauniya a hana. Ajayi ya isar da ita, aka fassara aka buga a Ingila, masu yaƙi da cinikin giya suka yi ta kafa hujja da ita. Sarki Musulmi ke nan yake neman taimakon limamin Kirista da takarda, kuma tsohon bawa.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. Wasu samarin Turawan mishan da suka zo da burin shiga ƙasar Hausa ta Lakwaja suka tuhumi ma'aikatansa baƙar fata da rashin tarbiyya. Gaskiya wasu tuhumce-tuhumcen suna da tushe, domin Ajayi mutum ne mai sanyin hali, kuma yawancin zamansa a Ikko yake, nesa da tashoshin. Amma yadda aka yi abin akwai cin fuska. A wani zama a Anacha a watan Agusta 1890 aka dakatar da limamansa a gabansa, har da ɗansa na cikinsa, Dandeson. Tsohon ya ajiye shugabancin kwamitin. A shekara ta gaba shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Sai a 2014 shugaban ɗariƙar Angilikan na lokacin, Justin Welby, ya fito fili a Kantabari ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa.

Labarin layar nan ba wani abokin gaba ne ya tona shi ba. Ajayi ne ya rubuta shi da hannunsa bayan ya tsufa, a cikin wani ɗan littafi da ya shirya don masu wa'azi na bayansa, inda ya ba da labarin zamansa da Musulmi da masu addinin gargajiya. An buga littafin a Landan a 1892, shekarar da ta biyo bayan rasuwarsa.